Takobi ba ya faɗin sunan mai shi

A ɗakin kakanmu a Garwa, can bayan ƙyaure, akwai wani itace da aka kafe a bango, a kansa takobi yake rataye tun ban san dama da hagu ba. Ba shi da wani ado na a zo a gani. Kubensa jar fata ce da shekaru da hayaƙi suka mayar baƙa, ƙotarsa an lulluɓe ta da tagulla, hamilarsa kuma tufkakken jan zare ce mai tuntu a ƙarshe. Sau biyu yake fita a shekara, ƙaramar salla da babba, in Malam, wato kakan namu, zai bi ayarin Lamiɗo zuwa idi. In ya dawo sai ya zare shi, ya shafe ruwan takobin da ɗan man kaɗanya, ya mayar kube, ya rataye. Mu yara ko inuwarsa ba ma taɓawa.

Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, sai takobi ya tsaya wa mutane a wuya, don ba ya rabuwa uku. Ana cikin haka wani dillalin tsofaffin kaya ya yi sallama. Har yau ban san wanda ya tsegunta masa ba, amma irinsu sun fi ungulu jin warin gidan rasuwa. Ya zare, ya juya, ya taɓe baki, ya ce ai ƙarfen ya gaji, ya taya kuɗin da bai kai na buhun shinkafa biyu ba. Goggona ta leƙo daga bakin zaure ta ce wa babban baffanmu, "Yaya, takobin Baba za ka sayar?" Ya ce, "To ke ƙanwata, yaƙi za ki je da shi?" Aka yi dariya, aka sallama. Dillali ya kwance hamilar ya yar a ƙasa, ya ce ta tsufa ba ya so. Goggo ta sunkuya ta ɗauka.

Bayan wasu shekaru wani ɗalibina ya nuna mini kundin wani gidan gwanjo na Turai a wayarsa. A ciki akwai takobi mai kama da namu kamar an tsaga kara: ƙota iri ɗaya, layuka uku a tsakiyar ruwan, da 'yan jinjirin wata guda biyu masu fuska da aka buga a jiki. Ba na cewa shi ne, irinsa suna da yawa daga Agadas har Ngaundare. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin da aka rubuta a ƙasa: takobin Buzaye, Afirka ta Yamma, ƙarni na 19. Iyakarsa ke nan. Babu gari, babu maƙeri, babu sunan wanda ya rataya shi, balle labarin yadda ya zo hannunsa. Tun daga ranar nake ganin babbar asarar da muke yi a wannan harka ta riga fitar ƙarfen daga ƙasa. Tana faruwa a zaure, a lokacin da aka miƙa takobi ba a miƙa labarinsa ba, kuma babu wanda ya rubuta.

Na san ra'ayin da ya fi farin jini yanzu shi ne a zagi masu tara kayan tarihi, a ce duk ɓarayi ne. Ni ban tsaya nan ba. Akwai mutane a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa da suka ƙare rayuwarsu suna auna takubba, suna kwatanta alamomin maƙera, suna bin diddigin wane ƙarfe ya fito daga wace maƙera. Wasunsu sun fi mu sanin abin da ke rataye a ɗakunanmu, kuma wannan abin kunyarmu ne kafin ya zama laifinsu. Daga bincikensu na gane cewa jinjirin watan nan biyu asalinsu alamar maƙeran Turai ce, maƙeranmu suka ga tana ƙara wa takobi daraja suka riƙa bugawa a nasu. Haka siffar kerkeci mai gudu da ake gani a wasu tsofaffin takubba, alama ce ta maƙeran Passau da Solingen a Jamus. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 kuma ya iso Yola a shekarar, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ake shigo da su kasuwar Kano duk shekara, akasari daga Solingen. A Kano ake sa musu ƙota da kube, fatake su bazu da su. To Hausawan da suka zauna Garwa da Marwa da Ngaundare ai jikokin fataken nan ne. Ke nan takobin kakana, in har tsoho ne kamar yadda ake faɗi, mai yiwuwa Bajamushe ya ƙera ruwansa, raƙumin Buzu ya ƙetaro Sahara da shi, maƙerin Kano ya sa masa ƙota, badukun Marwa ya sake masa kube, Bahaushen Garwa ya rataya a bayan Lamiɗon Fulani, wanda a bakinsa sunan abin kafahi. Mai gwanjo ya dunƙule duk wannan ya ce na Buzaye ne.

Sunayen ma kansu abin lura ne. Dogon miƙaƙƙen takobin nan mai ƙota kamar gicciye, na Wadai da Bagirmi da Darfur, masu tarawa suna kiransa kaskara, alhali Balaraben Abeshe ko na Sudan da ke rataye da shi saif kawai yake cewa. Mu kuma muna da kalmomin da suke mutuwa a bakinmu. Yaro nawa ne a Garwa yau zai bambance maka kansakali da bisalami, ko asigiri da mashi, ko ya ce ga sulke ga lifidi? Gariyo kuwa, wanda asalinsa makamin jifa ne irin wanda Sarawan kudancin Cadi da mutanen duwatsun Mandara suka shahara da ƙerawa, sai dai ka ji sunansa a labarin 'yan daba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali, shekaru sama da 600 ke nan. A hawan salla na Rai Buba ko Garwa har gobe kana iya ganin mahayi cikin lifidi, shi da dokinsa. Jama'a su ɗaga waya su ɗauki hoto, amma da wuya ka ga wanda ya bi mahayin gida ya tambaye shi wa ya ɗinka, yaushe, kuma da me aka cusa shi.

Wannan ba ya wanke abin da aka kwasa da bakin bindiga. A 1899 sojojin Jamus suka ci Tibati suka wawashe fadar Lamiɗo. A Nuwamban 1901 aka gwabza a Garwa, a Janairun 1902 kuma a Miskin kusa da Marwa, inda dawakin Lamiɗo Zubairu na Yola da na Marwa suka yi ta afka wa bindiga mai jigida ta Hans Dominik har aka kashe da yawa daga cikinsu. A Kusuri, ranar 22 ga Afrilun 1900, Rabeh ya faɗi a hannun Faransawa, kwamandansu Lamy ma ya mutu a ranar. Bayan kowane irin wannan yaƙi ana tsince filin daga, kuma ba a tambayar gawa sunanta. Wani bincike da masanan Jamus da na Kamaru suka fitar a 2023, ƙarƙashin Bénédicte Savoy da Albert Gouaffo na jami'ar Dschang, ya gano kayan Kamaru sama da 40,000 a gidajen tarihin Jamus, alhali gidan tarihin ƙasa da ke Yawunde kusan 6,000 yake da su. Rahoton da Savoy ɗin da Felwine Sarr suka miƙa wa gwamnatin Faransa a 2018 ya nuna cewa a gidan tarihin Quai Branly na Paris, Cadi ce ta fi kowace ƙasar Afirka kudu da Sahara yawan kaya, sama da 9,000, Kamaru na biye da kusan 8,000. Ba duka makamai ba ne, ba kuma duka aka ƙwata ba, akwai saye akwai kyauta. Amma wanda aka ƙwata a dawo da shi, a nan ba ni da ja.

Sai dai a duba abin da ya faru da takobin Shehu Umarul Futi, wanda mu nan ba baƙo ba ne a wurinmu tunda ya zauna Sakkwato har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A Nuwamban 2019 firaministan Faransa ya miƙa takobin ga shugaban Senegal a Dakar, aka yi biki, zuriyar Shehu suka halarta. Ruwan takobin a Klingenthal ta Faransa aka ƙera shi, kuma sojojin Kanar Archinard ne suka ɗauke shi a Bandiagara a 1893 lokacin yaƙinsu da Ahmadu ɗan Shehu, kusan shekara 30 bayan rasuwar Shehun. Har yau masana tarihi suna gardama kan ko Shehu ya taɓa riƙe shi da hannunsa. Takobi mafi suna da aka mayar wa Afirka ke nan, amma ya dawo da alamar tambaya a wuyansa. Irin haka ta faru da wuƙar keris ta Yarima Diponegoro na Indonesiya, wadda ta ɓace shekaru masu yawa a cikin gidan tarihi na Holan ba don an sace ta ba, sai don bayaninta ya rikice a cikin kundi. Sai da aka yi dogon bincike kafin a mayar da ita a 2020. In gidan tarihi mai ma'aikata da kundi zai iya ɓatar da sunan abu, ina ga wanda ya fita daga zauren gidanmu a cikin buhu?

Kuɗin ma labari yake bi. A watan Mayun 2023 an sayar da takobin Tipu Sultan na Indiya a Landan kan fam miliyan 14. Ƙarfensa mai kyau ne, ba shakka, amma abin da aka saya shi ne an san daga ɗakin da aka ɗauko shi bayan kashe Tipu a 1799, an san janar ɗin Birtaniya da aka ba, an san hannuwan da ya bi. Gajere na Katsina, takobin da ake dangantawa da Korau, in ka cire masa suna ka ajiye shi a kasuwa, wani zai wuce bai waiwaya ba. Dillalin da ya zo gidanmu ya san wannan sarai, shi ya sa bai tambayi komai ba. In ya tambaya, mu da kanmu za mu ji nauyin abin a bakinmu, mu ƙi sallamawa ko mu tsawwala.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke cewa a dawo mana da kayanmu, mu ne kuma muke barin na gida a ƙarƙashin gado, damina ta bi ta kansa, gara ta cinye kube. Wanda ya ɗan damu kuma yakan yi ɓarnar da ta fi ta sakaci. Na ga wani maƙwabcinmu ya ɗauki takobin mahaifinsa ya kai wa mai wasa wuƙa da inji, aka goge shi fes har yana ɗaukar ido, alamomin da ke jiki duk suka tafi. Ya kai wa baduku ya yi masa sabon kube mai kore da rawaya, tsohon ya jefa a bola. Da ya nuna mini yana murna, na rasa abin cewa sai "Allah ya sa albarka." Mutanen Japan, waɗanda babu wanda ya kai su girmama takobi, ba sa taɓa tsatsar da ke gindin ƙarfen, wato ɓangaren da ke ɓoye cikin ƙota, domin a nan maƙeri yake sa hannu, kuma da launin tsatsar ake gane shekarun abu. Wanda ya goge wurin ya zubar da rabin darajarsa.

Labarin Japan ɗin ya kamata mu tsaya a kansa, don su ma takobi ya taɓa zama musu kayan tsoro da kayan kunya. A 1876 gwamnatinsu ta hana samurai, wato baradensu, yawo da takobi, maƙera da yawa suka koma ƙera wuƙaƙen girki da kayan noma. Bayan an ci su da yaƙi a 1945, sojojin Amurka suka sa aka tattara makamai, aka narkar da wasu, aka tafi da wasu Amurka a matsayin ganima. Wani shahararren takobi na gidan sarautar Tokugawa, aikin maƙerin nan Masamune, an miƙa shi ga 'yan sanda a ƙarshen shekarar, har yau ba a sake ganinsa ba. Abin da suka yi bayan haka shi ne ya burge ni. Suka ware takobin gado daga sahun makamai suka sa shi a sahun aikin fasaha, kowanne da katin rajista mai ɗauke da tsawonsa da alamominsa, katin yana bin takobin duk inda aka sayar da shi. Maƙeri ba ya samun izinin ƙira sai ya yi shekara biyar a gaban gwani, kuma ba ya wuce dogayen takubba biyu a wata. Ba su hana saye da sayarwa ba. Sun hana abu ya yi tafiya ba takarda.

Mu ma mun shiga irin wannan tsoro. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, mutane da yawa suka tsargu da duk wani abu mai kaifi da ke cikin gida. Na ji waɗanda suka binne, na ji wanda ya jefa a tsohuwar rijiya don kada a zo bincike a ga takobi a yi masa wata fassara. Ban ga laifinsu ba, rai ya fi ƙarfe. Amma da akwai 'yar takarda daga fada ko daga ofishin al'adu da ke cewa wannan takobin gidan wane ne, ga hotonsa, ga tsawonsa, na hawan salla ne, da mai gida ya kwana da kwanciyar hankali, jandarma ma ya huta. Kamaru tana da dokar kare kayan gado tun 2013, wadda ta ce sai da izini ake fitar da irin waɗannan kaya. Amma ma'aikacin duwan, wato kwastan, zai tsare abin da babu inda aka rubuta akwai shi? In ya tambaya za a ce masa sabon aikin Marwa ne na 'yan yawon buɗe ido, kuma sau da yawa gaskiya ne.

Nan ma akwai magana. Maƙeran Marwa da dukawanta gwanaye ne, duk wanda ya shiga kasuwar sana'ar hannu ta garin ya sani. Da can Turawa suna zuwa Waza kallon giwaye, su hau Rumsiki, su biya Marwa su yi tsaraba. Tun da aka sace iyalin Faransawan nan su bakwai kusa da Waza a Fabrairun 2013, ƙafa ta ɗauke. Mai ƙira da ya rasa mai sayen sabo sai ya koma yi wa dillali tsoho. A ƙera takobi da sifirin mota, a shafa masa ruwan batir, a binne shi cikin ƙasa da gishiri 'yan makonni, a rataye kuben a madafa ya sha hayaƙi, a fito da shi ya zama na zamanin Modibbo Adama. Wasu suna ganin wayo ne, ai Bature aka cuta. Ni ina ganin kanmu muke cuta. Na farko algus ne, kuma mun san hukuncinsa. Na biyu, kowane jabu da ya shiga kundin wani mai bincike yana gurɓata tarihin da jikokinmu za su karanta, don daga kundin nan za su karanta shi. Na uku, yana ƙasƙantar da maƙerin. Mutum ya yi aikin da ya isa ya buga sunansa a jiki, sai ya ɓoye hannunsa ya jingina aikin ga matacce. Da zai buga sunansa da garinsa da shekara, ya sayar a matsayin sabo, da mai son ado ya saya, mai hawan salla ya saya, tsohon kuma ya zauna a gida. A Oman wuƙar khanjar tana kan tutar ƙasa, ana ƙera sabuwa kullum, ango ya ɗaura, ba wanda yake jin kunyar cewa ta bana ce.

Son irin waɗannan kaya yana da nasa haɗarin, kuma mu nan mun biya kuɗinsa ba tare da mun sani ba. Wuƙar janbiya ta mutanen Yaman, wadda ta fi daraja ita ce mai ƙotar ƙahon karkanda. Wannan buƙata, haɗe da ta masu magani a Asiya, ita ta sa aka yi ta karkashe karkanda a Afirka. Baƙar karkanda ta yamma, wadda mafakarta ta ƙarshe a duniya ita ce dazukan arewacin Kamaru, an neme ta a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ta ƙare. Duk mai sha'awar tara makaman gargajiya ya riƙa tambayar da me aka yi ƙota.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗi in muna yabon takubban kakanni. Takobi ba sandar girma ba ce kawai, an sari mutane da shi. Dawakin da muke wa kirari, wasunsu hawa duwatsun Mandara suka yi suka kamo bayi. Hamman Yaji, mai sarautar Madagali, ya bar kundin da aka riƙa rubuta masa harkokinsa tun daga 1912, a ciki ana lissafa hare-hare da adadin mutanen da aka kamo kamar ana lissafa awaki. Abokin aikina Bamafe ne, ɗan ƙabilar Mafa, daga wajen Mokolo. Da na ba shi labarin takobin kakana ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a gidansu kuma abin da aka ajiye shi ne garkuwa da makamin jifa, da sunan kogon da kakarsa ta ɓuya. Kakanninsa da kansu suke narka tama daga yashin rafi su fitar da ƙarfe, ba su jira Solingen ba. In za mu rubuta labarin takobi, a rubuta har da wanda aka zare shi a kansa, in an sani. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son mu rubuta da kanmu, domin mai gwanjo ba ruwansa da wannan ɓangaren, mu kuwa maƙwabtan juna ne, kasuwa ɗaya muke ci.

Za a ce mini, Malam, kai mai albashi ne, wanda ɗansa ke kwance asibiti fa? Gaskiya ne. Mutumin da ya sayar da takobin ubansa don ya sayi magani ba ni da bakin yi masa faɗa, ni ma da zan yi. Abin da nake roƙo bai kai hana sayarwa ba. Kafin a miƙa, a ɗauki hotonsa gaba da baya da alamomin jiki, a auna tsawonsa, a zaunar da tsohon gida ko tsohuwa a kunna waya su faɗi abin da suka sani, a rubuta a takarda biyu, ɗaya ta bi takobin ɗaya ta zauna gida. Aikin rabin yini ne, kuma yana ƙara kuɗin abin. Mai saye na ƙwarai zai yi murna da takardar. Wanda ya ce ba ya so, ka san da wa kake ciniki. Sannan a fara tallata wa na kusa, ɗan'uwa mai hali ko fada, kafin baƙo.

Inda kuma babu matsi sai dai rikicin gado irin namu, addini ya riga ya ba mu mafita. Magaji ɗaya yana iya biyan sauran rabonsu ya riƙe, ko mai abu tun yana raye ya yi waƙafinsa. Ya tabbata a hadisi cewa Khalid ɗan Walid ya yi waƙafin sulkunansa da kayan yaƙinsa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya waƙafin abin da ake iya ɗauka ya halatta. Da malamin da ya raba mana gado ya tuna mana wannan, da wataƙila baffa ya tsaya ya yi tunani. Masu cewa ajiye irin waɗannan kaya camfi ne saboda layun da ake ɗinke wa a kube, su tuna a Santambul akwai ɗaki guda a fadar Topkapi da aka ajiye takubban da ake dangantawa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa, Musulmi suna layi suna kallo. Ajiye abu don a san tarihi daban, dogara da shi daban.

Fadojinmu su ne suka fi cancanta su riƙe wannan aiki, don a can kayan suka fi yawa, kuma a can mutane suka fi yarda su kai nasu. Sarautar Bamun ta buɗe sabon gidan tarihinta a Fumban a 2024, kowa ya gani. Ba sai an yi gini irin wancan ba. Ɗaki ɗaya marar yoyo, littafi ɗaya, da ɗalibai biyu daga jami'ar Marwa ko ta Ngaundare da za su bi Sarkin Maƙera da dogarai da tsofaffin barade gida-gida, ya isa a fara. Abin da ke ƙarewa da sauri shi ne tsofaffin. Ƙarfe in an shafa masa mai zai jira shekara 100.

Ni dai na fara da abin da ya rage mana. Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaida Goggo, na ce, "Goggo, hamilar nan tana nan?" Ta sa jikarta ta jawo tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ga ta a naɗe cikin zane, jan ya koɗe amma tuntun yana nan. Na kunna waya na ajiye a gefen tabarma. Ta ce takobin ba na Malam ba ne tun asali, na mahaifinsa ne, shi kuma wani madugu ya ba shi a hanyar Banyo a madadin bashin goro. Ta faɗi sunan mahaifin, ta faɗi sunan badukun da ya sake kuben shekarar da aka yi mata aure. Sunan madugun ne ya ƙi zuwa. Ta yi shiru, ta murza tuntun a hannunta, sannan ta ce in je garin Gidar in tambayi ƙaninsu, shi Malam ya fi zama da shi da dare. Shekararsa ta haura 80 kuma an ce kunnensa ya yi nauyi. Na karɓi hamilar, Asabar mai zuwa zan shiga motar safe in kai masa ya riƙe a hannu, ko zai tuna.